Nomau da Kwalaben Yawun Zuriya

A ƙauyen Gangaren Marke akwai wani gida da ake kira Gidan Maƙera, ko da yake rabon da a hura zugazugi a cikinsa tun ina yaro. Babban gidan shi ne Baba Jatau, tsoho mai shekara tamanin, wanda shi ke ba da auren 'ya'yan gidan, shi ke yi wa jarirai huɗuba, shi ke raba faɗa. Akwai kuma ɗan ƙanensa Nomau, magidanci da gemunsa, da matarsa Tabawa, wadda haƙurinta ya isa a ba da labari. Nomau ba mahaukaci ba ne, Allah shi ne shaida. Ciwonsa ɗaya ne: yadda magana ta fito daga bakinka haka zai aikata ta, ba ragi ba ƙari.

Gidan yana da wata magana da ba a yin ta da ƙarfi. Ana raɗe-raɗin cewa Baba Jatau ba jinin gidan ba ne, wai kakar su Nomau ce ta tsince shi yana jariri a hanyar kasuwa, a wata shekarar yunwa, ta goya shi ta shayar da shi. Wasu ƙannen nasa sun daɗe suna jiran ranar da za a tabbatar, su ture shi daga shugabancin gida.

Wata rana Injiniya Haladu, yayan Nomau da ke aiki a Abuja, ya aiko da kwali cike da 'yan kwalabe. Ya bugo waya ya ce littafin asalin zuriya zai rubuta, don haka za a yi gwajin ƙwayar halitta, wanda 'yan boko ke kira DNA. Kowa zai tofa yawu a kwalba, a kai ƙasar waje, na'ura ta faɗi inda kakanni suka fito da wanda ya haɗa jini da wa. Ya ɗora wa Nomau aikin, don shi ne mai rubutun boko da ba ya gardama. "Ka ji da kyau," in ji Injiniya, "kada kowa ya ci ko ya sha kafin ya tofa." Rabin awa yake nufi, amma waya ta yanke bai ƙarasa ba. Nomau ya garƙame madafi da kwaɗo, ya zauna daram a kan murfin randa, har goron da ke bakin tsofaffi sai da ya sa suka furzar. Tabawa ta ce, "Malam, to a tofa mana a huta." Ya ce, "Yaya bai ce a fara ba." Tun hantsi aka shiga azumin dole, sai la'asar sakaliya waya ta dawo aka ce a fara. Aka miƙa wa kowa kwalba, ga baki ya bushe ƙamas, ko ɗigo babu. Sai da Tabawa ta ɗauko tsamiya tana zagayawa da ita a gaban hancin mutane, sannan yawu ya samu.

Wata rana kuma Injiniya ya sake bugowa a kan batun sunaye. "Kada ka rubuta min suna da ka. Tambayi uwar mutum ko matarsa, abin da ta faɗa shi za ka rubuta a jikin kwalba." Zaman Abuja ya mantar da shi cewa a wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, mace kuma ba ta kama sunan miji. Nomau ya bi ɗaki ɗaki da biro. Ya tambayi wannan, "Inna, yaya sunan babban ɗanki?" Ta kau da kai ta ce, "Wancan." Ya rubuta Wancan. Ya tambayi waccan sunan mijinta, ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Shi ɗin." Ya rubuta Shi Ɗin. Kafin azahar yana da Wancan biyar, Shi Ɗin shida, da wata kwalba mai suna Fita Ka Ba Ni Wuri. Baba Jatau kaɗai ne ba shi da uwa ba shi da mata a raye, shi ya faɗi sunansa da bakinsa. Cikin kwalaben manyan gidan, tasa ce kawai ba za a yi kuskuren gane mai ita ba.

Wata rana Baba Jatau ya kira Nomau bayan gida, inda ba kowa. Tsohon ya rame, tun da kwalin nan ya iso tuwo ba ya wuce masa. Shi kansa bai san gaskiyar asalinsa ba, kuma yana tsoron saninta. Ya rage murya ya ce, "Ɗana, in ka tashi aikawa, ka manta da tawa." Nomau ya ce, "To, Baba." Ya zauna ya yi ta ƙoƙarin mantawa, abu ya gagara, don duk sanda ya ce ya manta sai ya tuna. Da abin ya ishe shi, ya tafi majalisar bakin masallaci neman shawara. "Jama'a, yaya ake manta abu? Baba ya ce in manta da kwalbarsa, ni kuwa na kasa." Kafin magariba zancen ya gama gari. Ƙannen Baba suka fara murmushi suna cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ni kam a ranar, haushin Nomau na ji har wuya, tsohon kuma ya ba ni tausayi, don kwana uku bai leƙo zaure ba.

Wata rana Injiniya ya ga hoton kwalaben a waya, ya karanta Wancan da Shi Ɗin, ransa ya ɓaci. "Bar wannan shirmen! Haɗa su duka wuri ɗaya, ina zuwa ranar Asabar in karɓa da kaina." Nomau ya wanke wata gorar zuma tas, ya bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya yana juyewa a ciki, har da ta Baba, ya girgiza ya toshe. Ranar Asabar aka cika zaure, ya ajiye gorar a gaban yayansa da alfahari. Injiniya ya dafe kai. "Ka kashe ni, Nomau! Masu gwajin ba sa karɓar gauraye. Wa zai raba wannan? Dole in sake aiko da wasu kwalaben."

Nomau ya ce, "Yaya, ka ce in haɗa, na haɗa. Yanzu in rabawa kake so, ga kowa a zaune. Nuna min wanda zan fara cirewa, in cire shi."

Ba wanda ya ɗaga yatsa, amma idanu duk suka koma wuri ɗaya. Baba Jatau ya lalubi sandarsa, ya jawo takalmansa. "Ba sai ka nuna ba, Haladu," in ji shi. "Na hutar da kai."

Sai a lokacin Injiniya ya gane abin da kwalabensa suka zo yi. Wannan tsohon ne ya goya shi a kafaɗa ya ƙetare rafi da shi ranar da aka fara kai shi makaranta, shi ne ya tsaya masa waliyyi ranar aurensa. Kunya ta kama shi. Ya tashi da babbar rigarsa ya durƙusa, ya karɓe takalman daga hannun tsohon ya mayar bakin ƙofa.

Nomau dai yana tsaye da gora, yana jiran umarni. "Yaya, wa zan cire?"

Injiniya ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Je ka zubar da ita gaba ɗaya. Baba, zauna, don Allah. Da sunanka zan fara littafin."