Rasuwar Butar Da Ta Je Finland

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, ni Gidaɗo na unguwar Al Khabaisi a Dubai nake sanar da 'yan uwa na zauren WhatsApp ɗinmu, Matafiya Arewa, rasuwar abokiyar tafiyarmu Shuɗiyar Buta. Ta cika ranar Talata da azahar a barandar ɗakina, bayan doguwar jinya.

An haifi marigayiya a Kano, a wata masana'antar roba. Ta biyo ni Dubai cikin jaka, ta tarar kowane banɗaki da tiyonsa, babu mai neman ta. Ta yi zaman haƙuri a ƙarƙashin gado har shekarar da muka haɗu, mu da ba mu san juna ba, muka shiga bas ɗaya muka ratsa Denmark da Sweden da Norway har Finland.

Za ku tuna dariyar da kuka yi mata a filin jirgi. Suwaiba, malamar jinyarmu, cewa ta yi, "Malam Gidaɗo, Turai fa za mu, ba ƙauye ba." Ba a je ko'ina ba, a zangon farko, aka tarar banɗakin Turawa babu komai sai takarda. Suwaibar ce ta fara tsayawa a gefen kujerata, kai a ƙasa, ta ce, "Yaya, don Allah ko zan samu aro?"

Daga ranar nan marigayiya ba ta sake hutawa ba. Hannu zuwa hannu take yawo a cikin bas, kuma duk wanda ya zo aro sai ya ɗan zauna mun taɓa hira. Ni da nake wuni a sito a Al Quoz ban yi magana da kowa ba sai masu kwantena, sai ga sunana a bakin kowa. Mai rufin asiri ce, ba ta taɓa faɗin inda aka kai ta ba. Maganarta duka ba ta wuce ɓul-ɓul-ɓul ba.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne daga tarbiyyarmu. A gida aka koya mana ba a mayar wa mutum butarsa babu ruwa. Wani bawan Allah ya cika ta fal, ya ajiye a wurin kaya, ta kwana a sanyin Finland. Da asuba muka tarar da ita ta zama dutse. Abdou, mutumin Maraɗi mai lodin jiragen ruwa a Port Saeed ta nan Dubai, wanda muke kujera ɗaya da shi, ya zuge rigar sanyinsa ya rungume ta, haƙoransa na kaɗawa. "Mon frère, yalla, ku yi haƙuri kaɗan," in ji shi, yana gauraya Faransanci da Larabci yadda ya saba, "ai 'yar uwa ce." Ranar nan, da ɗumin jikin Abdou muka yi alwala. A nan ta samu ɗan tsagu a gindi.

Bayan mun dawo na ajiye ta a baranda, kullum a cike, ko wani zai zo ziyara ya tambaye ta. Babu wanda ya zo. Ranar Dubai ta yi ta cin ta har launinta ya koɗe, tsagun ya buɗe. Na dawo daga aiki na tarar ruwan ya tsiyaye, har wurin ya bushe.

Ta rasu ta bar dadduma, da rigar sanyin da ba a sake sakawa ba, da safar hannu wari ɗaya. Ta kuma bar ku, da muke gari ɗaya amma tun rabuwarmu a filin jirgi ban sake sa ku a ido ba. Saƙon ƙarshe a zauren nan nawa ne, na barka da sallah, kowa ya gani ya wuce. Na yi kewarku, ba zan ɓoye ba. Abdou, daga ɗakina ana hango unguwarku.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan la'asar, tunda ba aiki. Za a sauko da ita zuwa makwancinta, babbar durom ɗin shara ta bayan benenmu. Ba a buƙatar gudummawa, ku dai zo. Zan dafa shayi, na ari kofuna a wurin maƙwabcina, zan jira har magariba. In kuma uzuri ya riƙe kowa, kada wanda ya damu, zan kai ta ni kaɗai. Ba ta da nauyi.