Ɗan Gobe da Jakar Caja

A duk layin masu sayar da tayil babu wayayye kamar Ɗan Gobe. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma wa zai musa wa mai shago mai ƙofa biyu? Ya samu sunan ne ranar da ya sayi mota mai aiki da lantarki, ya tsaya a bakin shago ya sanar da maƙwabta cewa dukkansu a jiya suke zaune, shi kaɗai ya ƙaura zuwa gobe.

Da ƙungiyar 'yan kasuwa ta gayyace shi wani gari mai nisa ya yi jawabi kan sufurin zamani, sai ya ɗauki matarsa da wata jaka cike da kawunan caja: mai baki biyu, mai baki uku, har da wanda shi kansa bai san ramin da yake shiga ba.

A tashar cajin da suka fara tararwa an yi layi. Matar ta ce su jira. Ya dube ta da tausayi.

"Babba ba ya bin layi," in ji shi. "Wuta ai wuta ce. Duk bangon da ke da rami, motata za ta sha."

Sauri ya haifi nawa. Kafin rabin hanya allon motar ya koma ja. Ya tsaya a wani shagon aski, ya ba mai askin damar shiga tarihi. Yana soka filogi wuta ta ɗauke, injin aski ya tsaya a tsakiyar kan wani bawan Allah, gefe guda fes, gefe guda daji. Ɗan Gobe ya bayyana musu cewa wayoyin shagon ne 'yan jiya, sannan ya koma mota da saurin da bai dace da babba ba.

A gidan abinci na gaba ya zare filogin firji ya maƙala nasa, ba tare da ya damu mai gidan da tambaya ba. Ya zauna yana wayar wa masu cin abinci kai har miyarsa ta huce. Motar dai ta sha abin da ɗan tsako zai sha, firjin kuwa ya yi kuka har ruwa ya iso ƙafafun mutane. Mai gidan ta rako shi da tsintsiya. Ya ce wa matarsa haka ake yi wa duk wanda ya riga zamaninsa.

A shagon walda soket ɗin ƙato ne, ya ƙi kowane kai. Sai ya shiga ɗora wannan bisa wancan kamar mai gina bene, har warin ƙonanniyar roba ya cika wurin. Motar ta yi shiru. Matar ta kira yayanta mai janwe, wato motar jan motoci.

Haka ya iso wurin taro, yana zaune a gaban sitiyari, yana ɗaga wa jama'a hannu, sarƙa na jansa. Ya hau mumbari ya gyara murya.

"Jama'a, kun ga tafiyar nan? Ko ɗigon mai ban sha ba."

Gaskiya ya faɗa. Janwen ce ta sha na su biyu.