Kwabo Mai Shekara Ɗari Shida

Na daɗe ina tara tsofaffin kuɗi, har na yarda duk Tambuwal babu mai idona. Ranar kasuwar Kebbe wani ɗan koli ya nuna mini kwabon ƙasar Oman mai hoton takubba. Na juya shi, na karanta lambobin Larabci: 1420. Shekara ɗari shida ke nan! Ban tsaya ciniki ba, na miƙa masa ragon da na kawo sayarwa, har ina tausayin jahilcinsa.

Washegari bayan la'asar na tara 'yan majalisarmu, na kwance ƙyallen da na naɗe kwabon a hankali, na hana kowa taɓawa. Ina tsakiyar jawabi kan sarakunan zamanin da, limaminmu Malam Bube ya gyara tabarau ya leƙa.

"Alhaji, wagga ai shekarar Hijira ta. Ɗiyarka ta fari ta girmi wanga kwabo."

Mai shayi sai da ya ajiye buta don dariya.

Shekara uku ke nan, amma har yau duk wanda ya tsinci murfin kwalba sai ya tare babur ɗina: "Alhaji, taimaka ka duba muna, wanga na zamanin Fir'auna na?"