Baffa Ya Cika Haske

Jiya da safe na raka Baffana asibiti, saboda ƙirjinsa da ke riƙe shi da zarar ya yi 'yar tafiya. Likita ya rubuta a yi masa hoton zuciya, irin wanda ake kwantar da mutum a tura shi cikin na'ura. Muka bi layi har ƙafafuna suka yi tsami.

Ma'aikaciyar ɗakin hoton, wata 'yar siririya da ba ta da wasa, ta tambayi Baffa ko an taɓa yi masa irinsa. Ya gyara zama ya ce wannan ne na biyar a bana, kamar mai lissafa 'ya'yansa da suka gama jami'a. Na farko ya ɓata. Na biyu likitan ya kulle shi a durowa ya tafi ƙaro ilimi. Na uku kwamfutar wancan gini ba ta ga-maciji da ta wannan. Na huɗu kuwa har yau ba a gano dalilin yin sa ba.

Baiwar Allah ta ajiye biro. Ta ce na'urar da wani haske mai ratsa jiki take aiki. Sau ɗaya in da buƙata ba laifi, amma in ana ta maimaitawa illar taruwa take yi, har tana iya haifar da ciwon daji nan gaba. Wannan tsohon fa shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina.

"Baba, hasken da ya shiga jikinka ya yi yawa," in ji ta. "Ni ba zan ƙara maka ba."

Baffa ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Ikon Allah ke nan, 'yata. Ni kaina ban san na kai haka ba."

Kafin in buɗe baki ya kira maƙwabcinmu tela a waya, ya shaida masa likitoci sun auna sun tabbatar ya cika haske. Ina jin tela yana roƙon a sa shi a addu'a, da shi da iyali.

Na tambaye ta wa ke ƙirga wa marasa lafiya wannan haske. Ta nuna mini bango. Ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Sa Ido cikin firam, riƙe da almakashi, ranar ƙaddamar da rajistar da za a riƙa rubuta abin da kowa ya sha. Rajistar tana ofishinsa cikin leda, shi kuma yana ƙasar waje wurin taro a kan muhimmancin rajista. Dole in jinjina masa. A duk asibitin nan, hotonsa kaɗai ne bai taɓa ɓata ba.

Ta ce in nemo ko da ɗaya daga cikin tsofaffin hotunan Baffa. Na sauka ofishin adana takardu, na tarar da Yallaɓai mai kula da wurin yana gyangyaɗi cikin inuwa mai daɗi. Ya rantse babu. Ina juyawa sai idona ya kai kan taga: an lilliƙe gilashin da baƙaƙen hotunan mutane don tare rana. Na biyu daga sama, ga sunan Baffa ɓaro-ɓaro.

Yallaɓai ya ce ba a cire kayan ofis sai da takardar izini. Na koma na lallaɓo likita, ya zo ya tsaya a gaban taga, ya ɗaga kai. Minti biyu bai cika ba ya nuna jijiyar da ta toshe. Hoton farko ne. Wata bakwai ke nan zuciyar Baffa tana tare wa Yallaɓai rana, shi kuma Baffa yana haki a hanyar kasuwa.

An ba shi gado, gobe za a buɗe jijiyar. Ni dai roƙona ga manya ɗaya ne: ranar da izinin cirewa ya fito, a taimaka a saya wa Yallaɓai labule, kada a sake tura Baffa na'ura don cike gurbin.