Injiniya Sallau da Na'urar da Ba Ta Korar Baƙo

"Daga Sule Tankarkar har Maigatari, duk wanda ya ce ya fi ni sanin intanet, a kawo shi in yi masa karatu!"

Wannan Sallau ke nan, mai shagon sayar da waifai, wato intanet na haya, a bakin tasha. Shi ya naɗa wa kansa Injiniya, ranar da ya gyara rediyon kakarsa har rediyon ya daina magana gaba ɗaya.

To 'yan'uwa, yadda abin yake, duk abin da waya za ta aika, gutsi-gutsi take yanka shi, gutsattsarin su bi layi a cikin rauta, wato 'yar akwatin nan mai ƙahonni da ke raba intanet. In layi ya cika, sai rauta ta yar da gutsure ɗaya. Da wayar ta ga haka sai ta gane hanya ta cushe, ta rage gudu. Kamar gidan niƙa ne: in an dawo wa yarinya da kwanonta, sauran matan unguwa sai su dakata.

Ranar da gwani ya gano haka, har hula ya cire.

"Yar da kayan mutane? A shagona? Wa ya taɓa korar baƙo a gidanmu? Wannan rashin tarbiyyar Bature ne!"

Ya shiga cikin rauta ya tsawaita layin nan iya tsawonsa, kowa ya zo a ba shi wuri.

A lokacin kuwa yana neman auren Khairiyya, malamar firamare. Waliyyinta, Malam Mu'azzam, yana Damagaram, ƙafa ta hana shi tafiya. Ya ce ba zai ba da 'yar ƙaninsa ba sai ya ga yaron ya ji bakinsa, ko ta waya ce.

"Waya? Allon talabijin na bango zan sa, da lasifika!" in ji Sallau.

Ranar Asabar da hantsi shago ya cika. Don a san ango mai hannu ne, Sallau ya buɗe waifai kyauta. Samarin tasha suka yi caa, kowa na ɗaukar bidiyon taron yana turawa. Rauta ba ta yar da na kowa ba, wayoyi suka ɗauka hanya fetal take, suka ƙara wuta. Layi ya miƙe, muryar ango ta je can ƙarshe ta tsaya.

Malam ya bayyana a allo da rawaninsa.

"Salamu alaikum. Kai ne Sallau?"

"Wa alaikumus salam, Allah gafarta Malam! Ni ne, Injiniya."

Malam bai ji komai ba tukuna, ya zauna cik yana jira, ko ƙifta ido ba ya yi.

"Allah gafarta Malam?"

Shiru.

Baba Ɗalha, kawun ango, ya matso. "Kai Sallau, lafiya kuwa?"

"Hoton ne ya daskare, Kawu. Daga can ne matsalar. Ai ka san tsofaffin nan, waya tun ta zamanin Nasara, an ɗaure ta da kyauro."

"Rufe bakinka, yana kallonmu!"

"Kallon me? Ya yanke! Dubi rawani kamar an kifa masa kwando. Ni fa in ba don Khairiyya ba, me zai haɗa injiniya da wannan kurman tsoho?"

Samari suka kwashe da dariya. Sallau ya ji daɗi, ya ƙara da kwaikwayon zaman Malam.

Can sai fuskar da ke allo ta motsa, ta yi murmushi.

"Madalla, yanzu na ji sallamarka, yaro."

Baba Ɗalha ya ce, "Innalillahi." Sallau ya yi tsalle ya fizge wayar wutar rauta daga bango, ya manta cewa da hannunsa ya haɗa mata batir don kada wuta ta ba shi kunya. Sauran maganar kuwa tana nan a layi, tana tafiya bi da bi cikin mutunci.

Jama'a na kallo murmushin Malam ya ragu. Ya ɓace. Hannunsa ya tashi a hankali ya taɓa rawani.

"Malam Ɗalha," in ji lasifika, har masu shayi na ji, "a gaishe da mutanen gida. Wannan akwati ta yaronku akwai riƙon amana. Da ita ce ta zo neman Khairiyya, da na ba ta."