Rigar Kiwon Malam Barau

"Lafiya lau, amarya. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, angona marar haƙori," in ji Kausar, tana jawo jaka gaban kakanta, Malam Barau.

Mai unguwa ne ya yi shela a Gwangwan cewa rafi na iya ambaliya, kowa ya haɗa 'yar jakar gudu ya ajiye bakin ƙofa. Jaka ɗaya gare su su biyu, har ta cika da bargo da rigunan sanyi. Sai ga Malam Barau ya miƙo wata rigar saƙi da ta ci duniya.

"Tsumman goge tukunya ka kawo mini?"

"Rigar kiwona ce. A cikinta na yi tashen da ya hana 'yan matan Rogo cin abinci."

"Warinta dai ya hana su. Mai saurin bushewa aka ce, tsoho. Wannan in ta jiƙe, sai an nemo jaki."

"To fitar da leshin nan naki. Gudun ruwa za mu ko biki?"

"Makarantar da za a sauke mu akwai samari. Ina samun mai haƙori za ka ba ni takardata."

"Wa zai kwashi mai ƙona tuwo? Ni ma rufin asiri na yi miki."

"Na ji. Kawo in wanke ta tukuna."

"Kul," ya ce, ya fizge rigar ya ɗora a cinya.

Tun da gonaki suka cinye burtali, Ilu mahaifin Kausar ya kora shanun gidan ya yi kudu. Damina ta zo ta wuce, wata ta bi ta, sai dai murya a waya in an dace. Tsohon kuwa har yau yakan juya in ya ji kukan saniyar wani.

"Saniya ba fuska take kallo ba, amarya. In ruwa ya ci gidan nan suka dawo, da me za su gane ni? Ranar tafiya ma ƙin bin ubanki suka yi, sai da ya saka rigar nan. Daga hanya ya aiko mini da ita."

Kausar ta karɓa a hankali, ta kai hanci. Hayaƙi, nono, da gumin da ta daɗe ba ta ji ba. Kewar mahaifinta ta kama ta. Ta zaro leshin ta ajiye gefe, ta ninke rigar ta cusa.

"Samarin fa?"

"Su yi haƙuri. Amma ni zan yi matashi da jakar."

Malam Barau ya kwashe da dariya har dasashi ya bayyana. "Ashe dai warin nawa kike so."

Ita ma ta yi dariya, tana goge ido da gefen mayafi.

"Ba naka ba ne, tsoho."