Dawaki Ɗari Biyu a Jikin Ƙofa

Ranar da na sayi tsohuwar gingimarin nan, ba abin da ya burge ni kamar ɗan farantin ƙarfen da kamfani ya maƙala a ƙofarta: ƙarfin doki ɗari biyu. Da hannun rigata na goge shi.

A Sharada aka yi mana lodin fulawa. Direbana Malam Sani ya ce, "Alhaji, a rage buhu ashirin."

Na nuna masa farantin. "Ka fi waɗanda suka ƙera ta sani ne?" Na sa aka ƙara goma.

A hawan wata gada ta hanyar Panshekara ta yi tari, ta fara komawa da baya. Masu adaidaita sahu suna darewa, ni kuwa ina bin taya da dutse don in tare ta, babbar riga na jan ƙasa.

Bakanike ya leƙa injin, sai ya kira maƙwabtansa su zo kallo. Ashe injin da farantin yake nufi an daɗe da cire shi, na ciki na ƙaramar bas ne.

Har yau tana ciyar da mu, da rabin kaya. Amma ko wurin mai shayi na zauna sai an ce, "Alhaji, ya dawaki? An ba su dusa kuwa?"